Kuɗin Tsayuwa a Layin Tsamiya

A zamanin Sarki Zaki Mai Farar Geza, Birnin Dawa bai san yunwa ba, bai san yaƙi ba, annoba ma ta daɗe ba ta leƙo ba. Amma fa jama'a ba su da kwanciyar hankali, kuma abin da ya hana su sakat ba wani abu ba ne illa wurin tsayawa.

Kasuwar birnin a tsakiyar gari take, kuma layi ɗaya ne tak mai inuwa a cikinta, wato Layin Tsamiya. Duk wanda ya ɗauko kaya daga ƙauye can yake dosa, don can masu saye suke taruwa. To, gari ya cika ya batse, kasuwa ta bunƙasa, tsamiyoyi kuwa suna nan yadda kakanni suka bar su. Sai ka ga jaki ya yi sammako, ya iso da kaya niƙi-niƙi, ya yi ta zagaye yana leƙen inda zai raɓa har rana ta take, bai samu ba. Rai a ɓace, raƙumi ya taka akuya, akuya ta tunkuyi tunkiya, tunkiya ta huce a kan kaza, kaza kuwa ta koma gida ta caccaki 'ya'yanta.

Abin haushin, kowa ya san inda inuwar take zuwa. Galadima Toron Giwa da sauran manyan fada, su Ɓauna da Dorina, tun da hantsi suke zuwa su mimmiƙe a gindin tsamiya. Ba saye, ba sayarwa, sai hira da gyangyaɗi har la'asar sakaliya. Galadima shi kaɗai yakan shanye inuwar da za ta ishi garken jakuna, in ya juya kwanciya kuma ya haɗa da ta maƙwabta. Kowa ya sani, amma ba a faɗa, don babu mai sha'awar a juya kwanciya a kansa.

Cikin masu shan wannan wahala akwai wata jaka ja mai farin baki, sunanta Tabawa. Tukwanen da Zanzaro yake ginawa a bakin rafi take ɗaukowa ta sayar. Sana'ar tukunya kuwa ba ta son gaggawa. Sai an sauke, mai saye ya ƙwanƙwasa ya saurari amon, ya ɗaga ta ga rana ko akwai tsaga, ya kushe ta son ransa, sannan a shiga ciniki. Uwarta a gindin tsamiyar ƙarshe ta yi wannan sana'a har ta tsufa, turkenta ma yana nan. Amma rabon Tabawa da wurin tun ranar da Galadima ya gano cewa nan iska ta fi kaɗawa. Ga shi cikinta ya tsufa, na fari ne kuma, mijinta ya bi ayarin gishiri bai dawo ba. Ba ta neman komai a duniya illa inda za ta sauke kaya ta huta, kuma in haihuwa ta riske ta a kasuwa ta samu inda za ta durƙusa ba tare da an tattake mata ɗa ba. Wannan tsoron take kwana da shi, da shi take tashi.

Ranar da majalisa ta zauna kan maganar, Tabawa tana ƙofar fada, ta kawo wata randa da aka yi saƙo, tana jiran mai saukewa. Don haka komai a kunnenta aka yi, kunnen jaki kuwa ba ƙarami ba ne.

Waziri Dila ya miƙe ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Sarki. Bisa umarninka mun kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, an zagaya dazuzzuka an ga yadda suke yi. Binciken ya tabbatar da cewa babban abin da ke haddasa neman inuwa shi ne rana."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, Waziri."

"To, tunda rana ba ta ƙarƙashin ikonmu a halin yanzu, sai muka duba ɗaya ɓangaren. Abin da ake samu kyauta ba a tashi daga kansa. Shawararmu ita ce duk wanda ya tsaya a Layin Tsamiya ya biya kuɗin tsayuwa. Wanda ya gama abin da ya kawo shi zai tashi da wuri, na bayansa ya shiga. Abin da aka tara kuma, ko anini ba zai yi ciwon kai ba, tsamiyoyi za mu dasa da shi. Ina tabbatar wa talakawan Sarki, nan ba da jimawa ba ko ƙadangare sai ya zaɓi inuwar da ransa ke so."

Tabawa ta kaɗa kunne. Gaskiya maganar ta shige ta. In dai biya zai sa Galadima ya tashi, ita kam za ta biya da murnarta.

Sai Galadima ya yi gyaran murya, har tsuntsaye suka watse daga kan zaure. "Waziri, ban ji inda ka ambace mu ba."

"Haba, ranka ya daɗe, ai dokar kan masu tsayuwa take magana. Ku kuwa aikin Sarki kuke yi, kuna sa ido kan kasuwa. Za a ba kowane ɗan majalisa gashin jimina ya soka a bayan kunne, don kada ma'aikata su yi kuskure."

Sarki ya yi hamma, wadda a fadar nan ita ce alamar amincewa. Nan take aka naɗa Kura a matsayin Magajiyar Inuwa, aka damƙa mata aikin. Kurar nan muƙamuƙinta a karkace yake, tun tana budurwa ta taɓa laɓaɓowa ta bayan wani jaki, ta sha harbin kofato, ba ta kuma ƙara ba. Ta tashi ta yi jawabi da muryar kuka. "Ni ban nemi sarautar nan ba, jama'a ce ta matsa mini. Na yi alkawari ba zan runtsa ba sai kowane talaka ya samu wurin tsayawa." Wani ruwa na ɗiga daga fuskarta, Tabawa dai ta kasa tantance ko hawaye ne ko yawu.

Kashegari birai suka cika kasuwa, kowane da tsinke a hannu da burgami a wuya. Ga yadda aikin yake. Da ka tsaya, biri zai diro ya ja zane a ƙasa daidai bakin inuwa, ka biya. Da rana ta gusa, inuwa ta haura zanen, ya sake jan wani, ka sake biya. Wanda ya kasa, a sa masa dabaibayi ya wuni a wurin har magariba.

Sai dai Layin Tsamiya bai ragu ba. Masu gashin jimina suna nan kwance, har ma sun ƙaru, don Galadima ya samo wa surukansa, Dorina ta samo wa dangin mijinta, Ɓauna ta samo wa wata ƙawarta da suka yi kiwo tare. Jimina kam ta daina fitowa cikin jama'a. Da Kura ta ga burgamai ba sa nauyi, sai ta sa aka yi shela cewa dokar ta game kasuwa duka, inuwa da rana.

Akwai wani tsohon jaki mai ɗaukar itace, Baba Goho, aminin marigayi uban Tabawa. Shi ne ya daure ya tambaya. "Ranki ya daɗe, wanda ya tsaya a rana, kuɗin wace inuwa zai biya?"

Kura ta yi dariyarta. "Baba, dubi ƙasa. Mene ne wannan a gindinka?"

"Inuwata ce."

"To, a ƙasar wa ta faɗi?"

Baba Goho ya dubi ƙasa, ya dubi Kura, ya ja jiki ya wuce.

Jakuna ba su yi zanga-zanga ba, ba su kai ƙara ba, don ba halinsu ba ne. Abin da suka yi kawai shi ne suka daina tsayawa. Kasuwa ta koma juyawa kamar ana tuƙa tuwo. Mai kaya yana tafe, mai saye yana sassarfa a gefensa yana tayi. Gaisuwa ma ta canza. Ka tambayi mutum ya iyali a wannan zagayen, sai kun sake haɗuwa a zagaye na gaba ya ce maka lafiya lau. Akwai mai kabewar da aka yi masa gaisuwar mutuwa da hantsi, bai samu cewa amin ba sai da azahar.

Masu gishiri da masu itace sun iya da wannan. Tabawa ce abin ya fi ci. Wa zai sayi tukunya bai ji amonta ba? Sai mai saye ya ƙwanƙwasa a guje, ya ce bai ji ba, a jira wani zagayen. In an daidaita kuma, wurin zare tukunya daga mangala ana tafiya sai ka ji tas, ta fashe. Ƙafafunta suka kumbura, bayanta ya riƙa sara. Wani lokaci sai ta ji ɗan cikin ya motsa da ƙarfi, ta so ta ɗan dakata ta ja numfashi, sai ta hango biri yana gyara tsinke, ta ci gaba.

"Ɗiyata, ki zauna a gida mana," in ji Baba Goho wata rana da suka jera.

"Baba, in na zauna me za mu ci, ni da wanda ke tafe?"

Bai amsa ba sai a zagaye na gaba. Ya ce, "Haka ne."

Ana nan sai aka yi shelar bikin dashen tsamiyoyin da aka yi alkawari, kuma Sarki da kansa zai fito. A Birnin Dawa akwai wata al'ada tun ta kaka da kakanni. In Sarki zai wuce, duk mai rai sai ya tsaya cak inda yake, ba motsi, har sai tuntun wutsiyar Sarki ya shige. Ba a faɗuwa, ba a kirari, tsayuwar nan ita ce gaisuwa, kuma da ita Sarki yake gane cewa har yanzu shi ne Sarki.

Tambari ya yi ƙara, kasuwa ta tsaya cak. Tabawa ta ji wani daɗi ya ratsa ta, don rabonta da ta ajiye ƙafa huɗu a ƙasa lokaci ɗaya har ta manta. Aka kawo tsiron tsamiya, guda ɗaya, tsawonsa bai kai kunnen zomo ba. Sarki ya dasa, aka yi guɗa. Waziri ya yi jawabi mai tsawo, ya ce wannan kashi na farko ne na zango na farko. Jawabin ya gajiyar da Galadima, ya nemi wuri ya zauna. Da ya tashi, aka nemi tsiron aka rasa.

Sai da wutsiyar Sarki ta shige jama'a suka dubi ƙasa. Kowa da zane a bakin inuwarsa. Ashe duk tsawon jawabin nan birai suna bin bayan mutane a hankali suna aikinsu. Baba Goho, da yake mutumin da ne mai riƙon al'ada, ya fi kowa daɗewa a tsaye, inuwarsa ta haura zane ya fi a ƙirga.

"Ranki ya daɗe, ai don Sarki na tsaya," in ji shi.

"Allah ya saka da alheri, Baba," in ji Kura. "Amma doka ba ta tambayar dalili."

Aka sa wa tsoho dabaibayi, ya wuni a tsakiyar rana da itace a baya. Tabawa ta yi ta zagayowa tana wuce shi, ba halin ta tsaya ta ce masa sannu. Wannan ya yi mata ciwo fiye da duk tukwanen da ta yi asara.

Kura kuwa ba ta taɓa ganin burgamai sun cika irin na ranar ba. Sai ta garzaya fada ta faɗi ta yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin Sarki, talakawanka suna begenka. Ka ga yadda suka tsaya kuwa? In da hali, ka riƙa leƙa su kowace ranar kasuwa." Sarki ya ji daɗi, ya shafa geza. Daga nan ya riƙa fitowa a kai a kai, tambari na gaba, birai na baya.

Wata yamma a mashaya, inda har lokacin ba a fara karɓar kuɗi ba, Baba Goho ya ɗago kai daga ruwa ya ce, "Ni dai na gama tsayawa, ko don Sarki ne." Kowa ya sha ruwansa ya kama hanyar gida.

Ranar kasuwa ta zagayo. Tun a hanya Tabawa ta ji mararta tana murɗawa, ta daure. Da ta shiga zagaye abin ya ci tura. Allah ya taimake ta, masu gashin jimina duk sun tafi fada don rako Sarki, Layin Tsamiya ba kowa. Ta ja jiki ta kai gindin tsamiyar ƙarshe, ta zube kusa da turken uwarta, tukwane suka gangara ko'ina.

Birai suka hango ta, suka taho da tsinkayensu. Baba Goho ma ya hango. Bai tsaya ba, sai ya karkata tafiyarsa ya shiga zagaya tsamiyar. Na bayansa ya biyo shi, na bayan wancan ma ya biyo. Kafin birai su iso, jakunan kasuwa duka suna kewaya itacen, hancin wannan a wutsiyar wancan, ba ƙofar da ko ɓera zai bi. Babu wanda ya karya doka, don babu wanda ya tsaya. Birai suka yi cirko-cirko a waje, suna kallon kofatai suna wucewa.

Tabawa tana cikin naƙuda ta ji tambari. Ta saurara ta ji ko ƙarar kofatai za ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Aka sake buga tambari, aka kuma bugawa, jakuna na ta tafiyarsu. Ta ji muryar Sarki kusa. "Waziri, me nake gani haka?"

"Allah ya ja zamanin Sarki, sabuwar gaisuwa ce," in ji Dila, wanda bai taɓa rasa amsa ba. "Murna ce ta yi musu yawa, tsayuwa ta kasa ɗaukarta, shi ne suke zagaye."

Sarki bai gamsu ba. Ya tako da kansa don ya ga abin da ake kewayawa. Jakuna suka ɗan buɗa masa ba tare da sun dakata ba, ya shige, Dila da Kura na biye da shi, da wani biri mai riƙe da dabaibayi. Da'ira ta rufe a bayansu.

Daidai lokacin Tabawa ta sauka. Ɗa namiji, ja mai farin baki, jiƙe sharkaf. Ta lashe shi, zuciyarta cike da wani farin cikin da ba ta taɓa sani ba. Jaririn ya yunƙura ya faɗi. Ya sake yunƙurawa, ƙafafu suka watse, ya kife. Ya huta, ya tattara dogayen ƙafafun nan nasa, ya miƙe yana rawa, ya tsaya.

Kura ta daɗe tana neman abin da za ta nuna wa Sarki ƙwazonta da shi, ga shi yau burgamai fayau. Ta fizge tsinke daga hannun biri, ta sunkuya, ta ja zane a bakin 'yar inuwar jaririn.

"Ga dai ɗaya ya tsaya," in ji ta. "Wa zai biya masa?"

Tabawa ba ta taɓa magana a gaban Sarki ba. Ta ɗago kai daga ƙasa. "Allah ya ja zamanin Sarki, yanzun nan ya zo duniya. Tsayuwarsa ta fari ke nan. Ko nono bai kai ga kamawa ba. Kayana sun farfashe, ba ni da abin biya. In an ɗaure shi ba zai iso gare ni ba."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya ce, "Abin tausayi ne ƙwarai, kuma za mu kafa kwamiti ya duba batun jarirai. Amma in aka ɗaga wa ɗaya, gobe kowa zai zo kasuwa ya haihu."

Sarki ya yi hamma.

Biri ya matso da dabaibayi. Igiyar ta yi wa ƙafafun yawa, sai da ya ninka ta, yana neman inda zai ƙulla. A nan ne ƙarar kofatai ta ɗauke. Jakunan Birnin Dawa duka suka tsaya cak, lokaci ɗaya, har ana jin ganyen tsamiya yana faɗuwa.

Fuskar Sarki ta washe. "Yauwa. Ashe ba su manta al'ada ba."

Sai Baba Goho ya juya a hankali, ya ba tsakiyar da'irar baya. Na kusa da shi ma ya juya, na gaba ma haka, har ya zama duk inda Sarki ya waiga ba ya ganin fuska ko ɗaya, sai wutsiyoyi da kunnuwa a kwance. Tabawa ta ga Kura ta saki tsinke, ta kai hannu ta dafe karkataccen muƙamuƙinta, tana waige-waigen hanyar fita. Biri ya ajiye igiya ya haye tsamiya.

Jaririn bai san abin da ake ciki ba. Ya ɗaga ƙafa ya taka zanen, ya goge shi, ya tako yana tangaɗi har ya iso ga uwarsa, wadda ta riga ta miƙe. Ya lalubi nono ya kama.

"Waziri," in ji Sarki, "wannan kuma wace irin gaisuwa ce?"

Dila ya buɗe baki, ya rufe. Baba Goho ya gyara tsayuwa, ya mayar da nauyinsa kan ƙafafun gaba.